Yadda ake farfaɗo da tsohuwar PS4 mai ihu da zafi: shara, canjin mai da saka SSD

Duk wanda ya daɗe da PS4, wato na'urar gem ta PlayStation 4 da Sony ta ƙera, ya san wannan ƙarar. Zaka saka God of War ko Red Dead Redemption 2, minti goma bai cika ba fanka ta fara ihu, sai ka ƙara sautin talabijin kafin kaji abinda ake faɗa a cikin gem ɗin, in ka kai hannu bayanta kuma kaji iska mai zafin gaske tana fita ƙyal-ƙyal ba ƙarfi. Daga nan wasu suke yanke hukuncin cewa ta gama yayi, su tura ta ƙarƙashin gado. Abin yana min ciwo wallahi, domin yawancin waɗanda na buɗe ba abinda ya same su illa ƙura da ta toshe musu numfashi, da man sanyaya da ya bushe, da rumbun ajiya da ya gaji. Na'ura ce da ta fito tun Nuwamba 2013, an sayar da sama da miliyan 117, kuma har yau akwai wasanni a kanta da mutum zai shekara yana bugawa bai ƙare ba. Bata cancanci a yar da ita saboda ƙura ba.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin mu fara, shine aiki ɗaya a lokaci ɗaya, kuma bayan kowane aiki ka haɗa ta ka gwada. Kar ka share, ka canza mai, ka canza rumbu duk a zama ɗaya sannan ka kunna, in taƙi tashi ba zaka san a ina ka yi kuskure ba. Duk tsarin da zan kawo a ƙasa akan wannan ya ginu.

Fara sanin wacce kake da ita

Iri uku ne. Akwai ta farko wadda ake kira Fat, lambarta CUH-1000, 1100 ko 1200. Akwai Slim da ta fito a Satumba 2016, lambarta tana farawa da CUH-2. Sai Pro ta Nuwamba 2016 mai hawa uku, lambarta CUH-7. Zaka ga lambar a sitikar dake baya ko ƙasan na'urar. Ka rubuta ta, saboda in zaka nemi bidiyon buɗewa dole ka nemi na lambarka daidai, 1200 ma ta sha bamban da 1000 a ciki duk da a waje kamar 'yan biyu suke.

Kayan aiki

Sukudireba mai bakin tauraro T8 da T9, amma irin mai rami a tsakiyar bakin, domin kusoshin suna da ɗan tsini a tsakiya wanda zai hana ta gama-gari shiga. Sai ƙaramar sukudireba mai bakin gicciye. Buroshi mai laushi, ko sabon buroshin haƙori. Gwangwanin iska ko bulowa ta hannu. Sifirit na isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko sama, audugar goge kunne, tsumma mara gashi, da hantsaki. In zaka canza mai sai ka nemi tamal fes, wato man sanyaya, wanda baya ɗaukar wutar lantarki, irin su Arctic MX-4 ko Noctua NT-H1. In zaka canza rumbu kuma sai SSD, wato rumbun ajiya mara faifai mai juyawa, da filash mai 2GB ko sama, da wayar USB ta hannun buga gem wadda take ɗaukar data ba caji kaɗai ba, zan dawo kan wannan wayar don ta wahalar da mutane da yawa.

Sai farar takarda babba da biro. Ka zana siffar na'urar a kai, duk kusar da ka kwance ka ajiye ta a inda take a zanen. Kusoshin tsawonsu ba ɗaya bane, doguwa in ta shiga ramin gajera tana iya huda fanel, wato babban allon da kayan lantarkin na'urar suke kai. Kuma ka riƙa ɗaukar hoto da waya kafin ka cire komai.

Mataki na 1: ka ceci sef ɗinka, wato ajiyar inda ka kai a gem, tukunna

Kar ka taɓa kusa ko ɗaya sai ka gama wannan. Gem ana sake saukewa, amma awa ɗari da ka kashe a The Witcher 3 ko kakar wasa ta shida da kake a FIFA in ta tafi ta tafi kenan.

Ka saka filash da aka yiwa fomat na FAT32 ko exFAT. Shiga Settings, sai Application Saved Data Management, sai Saved Data in System Storage, sai Copy to USB Storage Device. In ka danna Options zaka ga inda ake zaɓar wasanni da yawa a tare. Mai PlayStation Plus yana iya tura su sama ta intanet, amma ni ko da Plus ɗin sai na kwafa a filash, ajiya biyu ta fi ɗaya. Kuma ka tuna kowane mai amfani da na'urar sef ɗinsa daban ne, in ƙaninka yana da nasa akawun a kai sai an shiga nasa an kwafe.

Kofuna, wato Trophies, basa shiga cikin wannan kwafin. Ka haɗa da intanet ka shiga wajen kofunan, danna Options ka zaɓi a daidaita su da PlayStation Network. Hotuna da bidiyon da ka ɗauka kuma suna Capture Gallery, nan ma akwai kwafa zuwa USB.

Su kansu wasannin fa? Hanya biyu ce. Ta farko Settings, System, Back Up and Restore, wannan zai kwashe kusan komai zuwa babban rumbu na waje, yana ɗaukar awanni. Ta biyu wadda na fi so, tun afdet na 4.50 a 2017 PS4 tana karɓar rumbu na waje mai USB 3.0 daga 250GB zuwa 8TB a matsayin Extended Storage, sai ka mayar da wasanninka can, bayan ka gama aiki ka sake jona shi ka gansu a zaune, ba sai ka ƙona data ba. Amma fa fomat ɗin Extended Storage yana goge duk abinda ke kan rumbun, kuma ba ya ɗaukar sef, wasanni kawai. Wanda yake da abin da aka riga aka cire daga shagon PlayStation, kamar P.T. da aka janye a 2015, shi kam dole ya tabbatar ya kwafe shi tukunna, don ba zai sake samun saukewa ba.

Na ƙarshe, ka tabbata ka san imel da kalmar sirrin akawun ɗinka, kuma layin da ake turo maka lambar tabbatarwa yana hannunka. Mutane da yawa shekara biyar rabonsu da rubuta kalmar sirrin, sai an goge na'ura a tambaye su sannan ido ya raina fata.

Mataki na 2: kashewa na gaskiya

Cire kaset in akwai a ciki. Sannan ka zaɓi Turn Off PS4, ba Rest Mode ba. In fitilar tana ruwan lemo to barci take bata mutu ba, zare wuta a wannan halin yana lalata bayanai. Jira fitila ta ɗauke gaba ɗaya, zare wayar wuta da HDMI da komai, ka barta kamar rabin awa ta huce. Kayi aikin a kan tebur mai haske ba kan katifa ko kafet ba, kuma ka taɓa wani ƙarfe kafin ka sa hannu a ciki don sauke wutar da jiki ke tarawa.

Mataki na 3: shara

Ka fahimci yadda take numfashi, sauran zai zo da sauƙi. Iska tana shiga ta ramukan gefe, fanka ta ja ta, ta tura ta cikin wasu siraran haƙoran ƙarfe da suke aiki kamar lagireton mota, daga nan ta ratsa ta cikin fawa fak, wato akwatin da ke ba na'urar wuta, ta fita ta baya. Ƙurar da ke kawo ihu ba wadda kake gani a waje bace, ba ma ta kan fukafukan fanka ba, tana taruwa ne a bakin lagireton nan ta gefen fanka har ta zama kamar bargo. Shi yasa wani zai goge waje fes, ya hura ramuka, ya kunna yaji ihun na nan. Bai kai ga bargon bane.

A Slim da Pro murfin sama ba kusa, ka sa yatsu a kusurwoyin gaba ka ja sama, zai yi ƙara kamar zai karye, ka cigaba a hankali, sai ka zame shi baya. A Pro nan take zaka ga fanka. A Fat kuma sai ka kwance kusoshin baya, wasu suna ƙarƙashin sitikar garanti, sannan ka kifa ta ka ɗaga murfin ƙasa. Cire sitikar yana kashe garanti, amma na'urar da ta kai waɗannan shekarun garantinta ya daɗe da ƙarewa, sai dai in wanda ya sayar maka ya baka nasa.

Yanzu fanka. Ka danne ta da yatsa ko ka soka audugar kunne tsakanin fukafukan ta yadda ba zata juya ba, sannan ka hura. Wannan ba ƙaramin abu bane, in ka bar iska mai ƙarfi tana wulwula ta fiye da ƙima zaka kashe mata boris, daga ihu ta koma gurnani. Ka riƙa hurawa kaɗan-kaɗan, gwangwanin a tsaye, in ka karkata shi ruwa mai sanyi yake fesowa. Kar ka hura da baki saboda yawu da tururi, kar ka sa na'urar busar da gashi mai zafi. Fukafukan ka bi su ɗaya bayan ɗaya da auduga da ɗan sifirit, don ƙurar da ta haɗu da hayaƙi ko maiƙo bata tashi da iska.

Sai a je ga lagireto. Hanyar da ta fi sauƙi ba tare da an wargaza komai ba ita ce a cire fawa fak, a huro iska daga baya zuwa gaba, wato sabanin yadda take bi, bargon ya fito ta wajen fanka ka tsince shi da hantsaki. Ka kwance kusoshin fawa fak ɗin, akwai dogaye a cikinsu, ka ɗaga shi tsaye ba a karkace ba domin yana zaune ne akan wasu ƙarafa biyu da suka soke shi. A nan ne wajen da ya fi kowanne haɗari a duk aikin: akwai wata 'yar waya mai fararen kai da ta haɗa shi da fanel. Kar ka ja ta da ƙarfi, kar ka ja ta wayoyin, ka kama kan robar ka girgiza a hankali hagu da dama. Na taɓa ganin wadda aka fizge soket ɗin gaba ɗaya daga kan fanel, aikin shara ya koma aikin walda. In ta yi maka tauri ka barta a jone, ka kwantar da fawa fak ɗin a gefe kayi hurinka.

Shi kansa fawa fak ɗin ka hura ta ramukansa kawai, kar ka buɗe shi, akwai kafasito a ciki da ke riƙe wuta ko bayan an zare. In kuma ka ga kashin kyankyasai ko gawarsu, to ka san sun mayar da wajen gida, suna son ɗumi da duhun wajen kuma suna haɗa wuta su ƙona shi. Ka share sosai, sannan ka duba inda kake ajiye na'urar.

Ka haɗa komai, ka kunna, ka saka gem ɗin da ya fi sa ta ihu, kayi minti talatin. In ta yi shiru ko ihun ya ragu sosai, to ka tsallake mataki na 4, a bar kaza cikin gashinta. Da yawa a nan maganarsu take ƙarewa.

Mataki na 4: canjin man sanyaya, ga wanda ya zama dole

Idan ka share tas amma har yanzu tana ihu tun daga farkon gem, ko fitila tana ƙyafta ja, ko ta rubuto maka cewa ta yi zafi da yawa ta kashe kanta, to man ne. A tsakiyar fanel akwai ƙwaƙwalwar na'urar, guntu ɗaya da AMD ta ƙera wanda ya haɗa mai lissafi da mai zane a waje ɗaya. Tsakaninsa da ƙarfen lagireto akwai ɗan mai da ke cike ƙananan ramukan da ido baya gani don zafi ya ratsa. Shekaru suna tafiya man yana bushewa ya tsage kamar busasshen taɓo, zafi ya kasa wucewa, na'ura ta ji tana ƙuna sai ta ƙara wa fanka gudu. Ihun kenan.

Gaskiya zan faɗa maka, in baka taɓa buɗe ko da tsohuwar kwamfuta ba, kuma hannunka yana rawa, ka kai wa mai gyaran da ka yarda da shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In ka ji zaka iya, ga yadda abin yake.

Ka cire rumbun ajiya, ka cire fawa fak. Ka zare wayar eriyar Wi-Fi, tana ɓallewa ne sama kamar maɓallin riga. Sai fileks, siraran wayoyin nan masu faɗi kamar ribbon ɗin kitso da ke zuwa wajen kaset da maɓallai. Wasu suna da ɗan makulli da ake dannawa ko ɗagawa kafin a ja, wasu jan su kawai ake ta wajen shuɗin kunnen, ka duba da kyau kafin ka ja. Ka kula da na wajen kaset fiye da kowanne ko da baka amfani da kaset, dalili kuwa PS4 tana duba wannan ɓangaren a lokacin afdet, in bata gan shi ba sai afdet ya tsaya da lambar SU-42118-6, kuma a mataki na 6 muna buƙatar saka manhaja daga farko. Ka ga kenan fileks ɗaya zai iya tsayar maka da komai.

Ka kwance kusoshin farantin ƙarfen da ya rufe fanel. Zaka ga wani ƙarfe mai dannewa daidai bayan ƙwaƙwalwar, kusa biyu ne a Fat da Slim, huɗu a Pro. Kar ka kwance ɗaya gaba ɗaya ka bar ɗaya a ɗaure. Juyi ɗaya nan, juyi ɗaya can, har su saki tare, don nauyin kar ya faɗa gefe guda. Ka zare wayar fanka, ka ɗaga fanel a hankali, in man ya kama shi ka ɗan murɗa kaɗan, kar ka sa sukudireba ka banƙare.

Yanzu ga bakin lagireton a fili, ka ga ragowar bargon da idonka, ka kwashe. Sai ka jiƙa tsumma da sifirit ka goge tsohon man daga kan ƙwaƙwalwar da kan ƙarfen har su yi ƙyalli. A kewayen ƙwaƙwalwar akwai ƙananan abubuwa kamar ƙwayar yashi a manne, kar ka kankare wajen da ƙarfe ko farce, in mai ya shiga tsakaninsu ka barshi, baya cutarwa. Bari ya bushe minti biyu. Sai ka ɗiga sabo a tsakiya kamar girman kan ashana biyu zuwa uku, ka baza shi siriri da tsohon katin roba har ya rufe duk fuskar mai ƙyalli, kusurwa zuwa kusurwa. Ni bazawa nake don ƙwaƙwalwar tsirara take ba murfi, duk kusurwar da mai bai kai ba zata yi zafi ita kaɗai. Ƙarancin mai ya fi yawansa illa a nan. Kuma kar wani ya ruɗe ka da maganar ruwan ƙarfe wai ya fi sanyi, yana ɗaukar wutar lantarki, ɗigo ɗaya ya zame ya gama da fanel.

Zaka ga wasu 'yan ƙananan robobi masu laushi akan guntayen memori dake zagaye da ƙwaƙwalwar ko manne a jikin faranti. Su ma zafi suke ɗauka. Ka ƙirga su, ka mayar da kowanne mazauninsa, in zaka canza ka sa mai kauri ɗaya da na asali, wanda ya fi kauri zai hana fanel zama daidai. Tunda ka riga ka shigo har nan, akwai batirin agogo CR2032 akan fanel, canza shi. A da mutuwarsa tana iya hana wasanni tashi in ba intanet, Sony ta gyara wannan a afdet na 9.00 a 2021, amma duk da haka sabo ya fi, ba kullum ake buɗewa ba.

Ka mayar da komai ta bin hotunanka daga na ƙarshe zuwa na farko. Ƙarfen dannewa shima juyi-juyi, har ya tsaya, ba sai ka matse da ƙarfin tsiya ba. Kar ka manta da wayar fanka, ita aka fi mantawa. Kunna da tsohon rumbunka, gwada kaset, gwada Wi-Fi, gwada gem. Sai komai ya yi daidai zamu wuce.

Mataki na 5: saka SSD

Wannan shine mafi sauƙi kuma shine wanda zaka fi jin daɗinsa kullum. Rumbun da PS4 take zuwa da shi mai faifai ne dake juyawa sau 5400 a minti, 500GB ko 1TB, bayan shekaru yakan fara ƙas-ƙas, menu ya riƙa sanƙarewa, gem ya riƙa fita da kansa. Abinda zaka saya shine SSD mai inci 2.5 na SATA, kaurinsa kar ya wuce milimita 9.5, yawancinsu 7 ne don haka suna shiga. Ba M.2 ba, siririn nan mai kama da ruler na PS5 ne, ba zai shiga nan ba. In da hali ka ɗauki 1TB, saboda na'urar tana cinye wani kaso, 500GB abinda zai rage maka 400 da 'yan kai ne, manyan wasanni huɗu ko biyar sun cika shi.

Kar ka sa ran hoto zai ƙara kyau ko gem ya ƙara santsi, wannan aikin ƙwaƙwalwa ne. Abinda zai canza shine jira. Lodin bayan an kashe ka a Bloodborne, tafiya daga gari zuwa gari a The Witcher 3, buɗe menu ana cikin wasa, da dogon kwafin nan da take yi bayan kowane afdet. Pro ta fi cin moriya don tana da SATA III, mahaɗin rumbu da ya fi sauri, amma Fat da Slim ma ana ganin bambanci, ga shi baya ƙara kuma bashi da abin juyawa da zai lalace in an bige na'urar.

A Fat murfin sama na gefen hagu ake zamewa waje. A Slim da Pro wata 'yar roba ce a baya. Zaka ga kusa ɗaya mai alamomin PlayStation a kanta, kwance ta, ka zaro tiren. Kusoshi huɗu ne a gefe suka riƙe rumbun, ka lura da inda bakinsa yake kallo, ka sa SSD haka, ka mayar. Tsohon kar ka goge shi yanzu, ajiye shi gefe har sai ka tabbatar komai ya dawo.

Mataki na 6: saka manhaja

Sabon SSD fanko ne, na'ura ba zata tashi ba sai an zuba mata manhaja. A kwamfuta ka shiga shafin PlayStation na hukuma wajen manhajar PS4. Fayil biyu zaka gani, na afdet da na sake sakawa daga farko, kuma sunansu ɗaya, nan ne ake faɗawa rami. Kai na biyun kake so, babban, mai kusan 1GB. A filash mai FAT32 ko exFAT ka buɗe folda mai suna PS4, a cikinta wata mai suna UPDATE, a cikinta ka sa fayil ɗin da suna PS4UPDATE.PUP, duk da manyan baƙaƙe. In ka sauke sau biyu kwamfuta takan ƙara lamba a jikin sunan, ka goge ta.

Soka filash, ka danne maɓallin kunnawa kar ka saki, zaka ji ƙara ta farko, bayan kamar daƙiƙa 7 kaji ta biyu, sai ka saki. Ka shiga Safe Mode kenan. Jona hannun gem da wayar USB ka danna maɓallin PS. In hannun yana caji amma baya amsawa, ba hannun bane, wayar ce ta caji kaɗai, nemo wata. Zaɓi na 7, mai cewa Reinstall System Software. In ta ce SU-41350-3 bata ga fayil ba, duba sunayen folda da fomat. In ta ce CE-34788-0 to ƙaramin fayil ka sauke. In kuma CE-34335-8 ne bata ga SSD ɗin ba, kashe ka sake tura tiren ya zauna sosai. Tana cikin sakawa kar ka taɓa wuta.

Ta tashi, shiga akawun ɗinka, ka duba Activate as Your Primary PS4 a ƙarƙashin Account Management, ka dawo da sef daga filash ta hanyar da ka bi ka kwafa, ka jona rumbun waje. In ka ga kwaɗo akan wasannin da ka saya, Restore Licenses a wannan wajen yake. Wanda bai canza rumbu ba kuma, ya shiga Safe Mode ya zaɓi na 5, Rebuild Database, baya goge sef, yana gyara jerin abubuwan dake ciki ne kuma menu yakan ɗan saki.

Mazauninta da hannu

Duk wannan wahalar zata tashi a banza in ka mayar da ita cikin rufaffen kabad. Ka bar mata aƙalla santimita 10 ta baya da gefe, kar a ƙasa kan kafet, kar a ɗora mata dikoda ko littafi. Masu rufe ta da ƙyalle saboda ƙura, yayi, amma sai tana kashe gaba ɗaya, ba a Rest Mode ba. Duk bayan wata biyu ko uku ka bi ramukan gefe da buroshi, sau ɗaya a shekara ka ɗaga murfi ka leƙa fanka. Fankokin nan na waje da ake maƙalawa a baya ban yarda da su ba, sau da yawa tare hanyar iska suke.

Hannun DualShock 4 in ya fara tafiya da kansa, ɗan wasa yana zamewa gefe kai baka taɓa ba, ka fara da ɗan ramin dake baya kusa da L2, soka allura ka danne daƙiƙa biyar, ka sake haɗawa da waya. In bai daina ba ka kashe shi, ka ture sandar gefe, ka ɗiga sifirit kaɗan a gindinta, ka juya ta zagaye sau da yawa kana dannawa, bari ya bushe sosai kafin ka kunna. In datti ne zai tafi. In kuma ya dawo bayan kwana biyu to abin auna motsin dake ciki ne ya cinye, sai an cire shi da walda an sa sabo, kuma in za'a canza ka nemi irin mai maganaɗisu da ake kira Hall effect, shi ba gogayya a cikinsa.

Mai PS5 kuma kar ya ɗauki mataki na 4 ya kai kanta. Ita ruwan ƙarfe Sony ta saka mata tun daga masana'anta da shinge na musamman a kewaye, ba'a buɗe wajen haka kawai. Abinda zaka yi shine ka zame murafen gefe, akwai ramukan tara ƙura da aka tanada, ka zuƙe su da ƙaramar na'urar zuƙar ƙura mara ƙarfi, ka danne fanka ka bi fukafukanta da buroshi, ka mayar da murfi.